Jagora ga Ɗalibin Kemistiri: Yadda Ake Tantance Maƙalar Bincike Kafin a Dogara da Ita

Idan zangon ƙarshe na karatu ya kama, shagunan buga takardu na Gyallesu da Kongo a Zariya kan cika da ɗaliban ajin ƙarshe. Wasu daga Kwalejin Ilimi ta Tarayya suke, wadda ta fara a 1962 a matsayin babbar kwalejin horar da malamai, yanzu kuma aka ɗaga darajarta zuwa jami'a. Wasu a unguwannin suke zaune, amma kullum sai sun hau mota zuwa Samaru, inda sashen kemistiri na Jami'ar Ahmadu Bello yake. Abu ɗaya ne ke gaban dukkansu, wato babi na biyu na furojet, bitar ayyukan da suka gabata. Da yawa sukan ɗauki babin a matsayin wurin tara shafuka: a sauko da maƙaloli goma daga intanet, a tsinto jimla nan, a tsinto can, a jera sunaye da shekaru, a kai wa malami.

Wannan babi kuwa shi ne inda ake gane ko ɗalibi ya zama masanin sinadarai ko bai zama ba. Buga maƙala a mujalla bai sa abin da ke cikinta ya zama gaskiya ba. Marubucinta da'awa ya yi, ya kuma kawo hujjarsa, aikin mai karatu shi ne ya auna hujjar ya ga ko ta ɗauki nauyin da'awar. Matakan da ke tafe hanya ce da ɗalibi ko ɗaliba za su bi su iya wannan awo, kuma misalan daga irin binciken da aka fi bai wa ɗalibai a Zariya suke: ƙarafa masu guba a ruwan rijiya da kayan lambu, da binciken sinadaran itatuwan magani.

Mataki na ɗaya: tsayar da tambaya kafin ka shiga nema

Kada ka buɗe Google Scholar sai ka rubuta tambayarka a jimla ɗaya. "Gurɓatar ruwa a Zariya" take ne, ba tambaya ba. Tambaya ita ce: "Nawa ne yawan dalma da kadmiyam a latas da alayyafon da ake nomawa da ruwan kogin Kubanni a lokacin rani?" Wannan jimla ta ba ka sinadarin da kake nema, da abin da za a gwada, da wuri, da lokaci. Da ita za ka san maƙalar da ta shafe ka kai tsaye, da wadda ta shafe ka ta fuskar hanyar gwaji kaɗai, da wadda ba ruwanka da ita.

Wuraren nema suna da yawa. AJOL ta tattara mujallun Afirka, ciki har da BAJOPAS ta Jami'ar Bayero da ChemSearch Journal. Akwai mujallar Ƙungiyar Masana Kemistiri ta Najeriya. PubChem na ba da bayanan sinadarai kyauta. A Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim da ke Samaru akwai kundayen digiri na biyu da na uku, waɗanda sau da yawa sukan fi maƙalar da aka ciro daga cikinsu cikakken bayanin yadda aka yi gwaji. Ka tambayi ma'aikatan ɗakin karatun makarantarku ko akwai damar shiga Research4Life, shirin da ke buɗe wa ƙasashe masu tasowa manyan mujallun duniya. Matambayi ba ya ɓata.

Mataki na biyu: duba gidan da maƙalar ta fito

Mujalla ta gari ba ta buga aiki sai ta aika wa masanan fannin sun tantance shi, abin da kan ɗauki makonni ko watanni. Akwai kuma mujallun da kuɗi kawai suke nema, duk abin da aka aika musu bugawa suke yi. A 2013 wani ɗan jaridar kimiyya mai suna John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi a kan wani sinadari da wai yake hana ƙwayoyin cutar daji girma, ya cusa kurakuran da duk mai ilimin fannin zai gani, ya aika wa mujallu 304. Guda 157 suka karɓa. Mujallar Science ce ta buga labarin.

Don haka ka duba shafin farko na maƙalar. Yaushe aka karɓe ta, yaushe aka amince da ita? Idan kwana uku ne tsakani, babu wata tantancewar kirki da aka yi. Su wane ne editocin, kuma akwai su a jami'o'in da aka ce suna aiki? Mujallar kemistiri ce, ko kuwa tana buga kemistiri da kasuwanci da adabi duk a fitowa ɗaya? Sunanta na cikin DOAJ ko AJOL ko Scopus? Sannan ka saka taken maƙalar a rumbun Retraction Watch ka ga ko an janye ta.

Girman mujalla ma ba ya hana kuskure. A Disambar 2010 Science ta buga aikin wasu masana da suka ce sun samo wata ƙwayar bakteriya a tafkin Mono na jihar Kalifoniya a Amurka, wadda take gina jikinta da arsenik a madadin fosfaras. Duniya ta ɗauka. Masu karatu da idon basira suka koma sashen hanyar gwaji, suka lura cewa abincin da aka raini ƙwayar a ciki yana da ɗan burbushin fosfet, kuma ba a wanke DNA ɗin yadda ya kamata ba. A 2012 wasu bincike biyu suka nuna cewa ƙwayar ba ta rayuwa sai da fosfet, a 2025 kuma mujallar ta janye maƙalar. Tambayar da ta rushe da'awar, kowane ɗalibin aji biyu zai iya yin ta: shin kayan gwajin nan suna da tsabta?

Mataki na uku: karatu sau uku

Karatun farko na minti goma ne. Karanta take, da tsakure, da kammalawa, ka kalli jadawalai da zane-zane. Manufarka ka san abin da aka ce an gano, ka yanke shawarar ko maƙalar ta cancanci lokacinka. Kada ka taɓa kafa hujja da maƙalar da tsakurenta kaɗai ka karanta. Wannan cinikin biri a sama ne, domin a tsakure marubuci yake nuna aikinsa ta fuskar da ta fi kyau.

Karatu na biyu da biro a hannu ake yin sa. Fara da hanyar gwaji, sannan sakamako. Kafin ka karanta sharhin marubuci, rufe shafin ka rubuta da kanka abin da alƙaluman suka nuna. Bayan nan ka buɗe ka gwada naka da nasa. Inda kuka saɓa, nan ne wurin da ya kamata ka tsaya.

Karatu na uku na maƙaloli biyar ko shida ne kawai, waɗanda aikinka zai hau kansu. A nan ka ƙaddara kai ne za ka shiga ɗakin gwaji gobe ka maimaita aikin. Duk inda ka rasa sanin abin da za ka yi, saboda ba a faɗi yawan asid ba, ko zafin wuta, ko tsawon lokaci, to maƙalar na da giɓi a wurin.

Mataki na huɗu: tambayoyin da ake yi wa hanyar gwaji

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata ka fi daɗewa.

Fara da samfur. Guda nawa aka ɗiba, daga ina, a wane wata? Wanda ya ɗebi ruwan rijiya uku a unguwa ɗaya ba shi da ikon yin magana a kan ruwan Zariya baki ɗaya. Ruwan Kubanni ko na Galma a watan Maris, lokacin da ya ja baya, daban yake da na watan Agusta da damina ta sirka shi. A wane mazubi aka zuba? Ruwan da za a auna ƙarafa a cikinsa ana zuba shi ne a robar da aka wanke da asid, a ɗiga masa asid ɗin naitirik har pH ya sauka ƙasa da 2, don kada ƙarafan su manne a jikin mazubin. Idan ganye ne, an wanke shi ko ba a wanke ba? Ƙurar hanya da ta kwanta a kan latas tana iya ɗaga alƙaluman dalma, alhali tsiron bai zuƙe ta daga ƙasa ba.

Sai bulank, wato gwajin da ake yi da dukkan sinadaran aikin amma babu samfur a ciki. Shi ke nuna ko dalmar da aka gani daga ganyen take, ko daga asid ɗin da aka narka shi, ko daga kwalbar da ba ta wanku ba. Maƙalar ƙarafa masu guba da ba ta ambaci bulank ba, ka sa mata alamar tambaya babba.

Sai daidaita na'ura. Na'urar AAS, mai auna yawan ƙarafa, ba ta san komai da kanta ba. Sai an ba ta ruwan ma'auni da aka san yawan ƙarfen da ke cikinsa, mataki-mataki, a zana layi, sannan a gwada samfur da layin. Ka duba ko an faɗi matakan, da ko sakamakon samfur ya faɗo a tsakaninsu. Ka duba kuma ko an yi gwajin ƙari, inda ake zuba sanannen adadin ƙarfe a samfur a ga kashi nawa na'ura za ta dawo da shi. Idan an zuba goma ta nuna biyar, sauran alƙaluman ma ba abin dogaro ba ne.

Sai iyakar ganin na'ura. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa iyakar dalma a ruwan sha a miligiram 0.01 cikin lita, kadmiyam kuma 0.003. Na'urar AAS mai aiki da harshen wuta da kyar take ganin dalmar da ta kai 0.01, a aikace ma iyakarta takan fi haka. Saboda haka idan maƙala ta ce da irin wannan na'ura ta auna 0.002 a ruwan burtsatse, ba tare da an fara tattara ƙarfen ta hanyar ƙafar da ruwan ko tatso shi ba, alƙalumin bai tsaya da ƙafarsa ba. Haka nan idan aka rubuta "ba a gano ba", ma'anarsa na'urar ba ta gani ba, bai nuna ruwan ya tsira ba. Ƙananan adadi irin wannan sai AAS mai tanderun girafait ko na'urar ICP.

Sai maimaici. Sau nawa aka yi gwajin? Akwai alamar ± bayan kowane adadi? Auna kwalba ɗaya sau uku yana nuna natsuwar na'ura ne kawai. Ɗibar samfur uku daban-daban, a narka kowanne shi kaɗai, shi ke nuna gaskiyar bambancin da ke wurin. Idan gona ɗaya ta ba da 2.1 ± 0.6, ɗayar ta ba da 2.4 ± 0.7, ba za a ce ta biyu ta fi ta farko gurɓata ba sai da lissafin da ya tabbatar.

Idan binciken itatuwan magani ne, kamar zogale ko sabara ko marke ko darbejiya, tambayoyin sukan ɗan canja. Wa ya tabbatar da sunan tsiron, kuma akwai lambar ajiya daga ma'ajiyar tsirrai irin ta Jami'ar Ahmadu Bello? Sunan Hausa ɗaya yakan hau tsirrai biyu, tsiro ɗaya kuma yakan yi suna uku daga Zariya zuwa Sakkwato. Wane sashe aka yi amfani da shi, ganye ko saiwa ko ɓawo? Da me aka tatso shi, ruwa ko metanol? Gwajin canjin launi da ake yi don gano alkaloyid ko tanin alama ce ta farko, ba ya faɗin wane sinadari ne takamaimai, balle yawansa. Idan an ce tsimin ya kashe bakteriya, ka duba ko an gwada ruwan da aka narka shi a ciki shi kaɗai, domin barasa ma tana kashe ƙwayoyin cuta. Ka duba yawan da aka sa. Faifan maganin sifirofulokzasin da ake gwada tsimin da shi maikurogiram 5 ne kacal a jikinsa. Tsimin da sai an zuba miligiram masu yawa kafin ya yi aiki bai kama ƙafar wannan magani ba, ko da da'irar da suka bari a faranti ta yi kusan ɗaya. Kuma abin da ya faru a farantin gwaji bai zama hujjar cewa zai warkar da mutum ba.

Mataki na biyar: ɗauki kalkuleta

Kurakurai da yawa lissafin minti biyar ke tona su. Mu ƙaddara an narka giram 1 na busasshen ganye, aka cika shi zuwa mililita 50, na'ura ta nuna miligiram 0.1 cikin lita. Abin da ke cikin ganyen miligiram 5 ne cikin kilo. Wanda ya manta da sirkin da aka yi, ya rubuta 0.1, ya rage gaskiya sau hamsin.

Ka lura da ma'auni. Miligiram cikin lita ya ninka maikurogiram cikin lita sau dubu, kuma rikita su abu ne mai sauƙi. Ka lura kuma da bambancin nauyin ɗanye da na busasshe. Iyakar da hukumar Codex ta sa wa dalma a kayan lambu masu ganye miligiram 0.3 ce cikin kilo, a kan ganye ɗanye kamar yadda ake sayar da shi. Irin wannan ganye kuwa wajen kashi 90 cikin 100 nasa ruwa ne. Idan maƙala ta sami miligiram 2 cikin kilo na busasshe, to a ɗanye wajen 0.2 ke nan, ƙasa da iyakar. Wanda ya gwada 2 da 0.3 kai tsaye zai yi shelar cewa ganyen ya wuce iyaka kusan sau bakwai, ya ɓata wa 'yan lambu sana'a ba da hakki ba.

A binciken sinadaran abinci, tara kason ruwa da toka da furotin da mai da harza da kabohaidiret. Ya kamata su ba da 100. Furotin da aka samu ta hanyar Kjeldahl ana ninka naitirojin ne da 6.25 a yawancin abinci, sai ka duba ko an yi hakan. Idan sikelin da aka yi awo da shi lamba biyu yake nunawa bayan ɗigo, amma sakamako ya zo da lamba shida, ƙarin lambobin ado ne. Ka kuma gwada alƙaluman tsakure da na jadawali, domin wani lokaci sukan saɓa.

Wannan taka-tsantsan ba wasa ba ne. A 2010 gubar dalma daga aikin zinariya ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya aka gano girman matsalar a Bagega. Awon jini da na ƙasa ne ya nuna musabbabin, a kan alƙaluman kuma aka tsara magani da kwashe gurɓatacciyar ƙasa. Adadin da aka rage yana iya jawo asarar rai, wanda aka kumbura kuma yana iya kashe kasuwar bayin Allah.

Mataki na shida: bi magana har tushenta

Malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun duba isnadinta, wa ya ji daga wa, har a kai ga asali, sannan su duba matanin. Haka ɗalibin kimiyya zai yi da duk adadin da ya gani an jingina wa wani. Sau da yawa za ka ga an rubuta "iyakar WHO" an kawo lamba, ka bi manazarta ka tarar daga wata maƙala aka ɗauko, ita ma daga wata, har a ƙarshe ka ga lambar ta ruwan sha ce aka ɗora wa ƙasar noma, ko tsohuwa ce da aka riga aka sauya. Kundin ƙa'idojin ruwan sha na Hukumar Lafiya ta Duniya yana nan kyauta a intanet, bugu na huɗu ya fito a 2011 kuma an yi masa ƙare-ƙare daga baya. Najeriya ma tana da nata ma'aunin ruwan sha, NIS 554, daga hukumar SON. Je ka gani da idonka, gani ya kori ji.

Manhajoji irin su ChatGPT suna iya taimaka maka fahimtar kalma mai wuya, amma sukan ƙirƙiro sunayen marubuta da maƙalolin da babu su a duniya. Duk maƙalar da za ka saka a manazarta, ka tabbata ka buɗe ta. Idan tana da lambar DOI, saka lambar a doi.org ka ga ko za ta kai ka gare ta.

Mataki na bakwai: rubuta bitar

Tun daga maƙalar farko ka ja jadawali a littafinka ko a kwamfuta: marubuci da shekara, wuri da lokaci, yawan samfur, hanyar gwaji, babban sakamako tare da ma'auninsa, ƙarfin aikin, rauninsa. Manhajar Zotero kyauta ce, tana adana maƙaloli ta kuma jera manazarta. Idan jadawalin ya cika, bitar ta kusa rubuta kanta, domin za ka ga inda masana suka haɗu, da inda suka rabu, da abin da babu wanda ya taɓa.

Ka tsara babin bisa batutuwa, kada ya zama jerin "wane ya ce, wance ta ce". Haɗa ayyukan da suka yi amfani da hanya ɗaya, ka gwada su da juna. Idan biyu sun saɓa, nemi dalili: wataƙila ɗaya da rani aka yi shi ɗaya da damina, ko ɗaya a kusa da majemun Challawa a Kano inda kuromiyam ke da yawa, ɗaya kuma a wurin da babu masana'anta. Daga nan sai ka nuna giɓin da aikinka zai cike.

Suka kuma da ladabi ake yin ta. Mai yiwuwa marubucin malaminka ne ko malamin malaminka, ya kuma yi aikin cikin ƙarancin kayan aiki da wutar lantarki. Ka yi magana a kan aikin, ka bar mutumin. Maimakon "wannan bincike ba shi da amfani", rubuta cewa binciken bai bayyana iyakar ganin na'urarsa ba, don haka ƙananan alƙalumansa na buƙatar tabbaci. Ka faɗi abin da aka yi daidai kamar yadda ka faɗi abin da ya rage. Ka rufe maƙalar kafin ka rubuta, don kalmomin su zama naka. Kwafe jimlolin wani, ko da an sauya kalma biyu, satar fasaha ce, kuma manhajoji irin su Turnitin suna kama ta.

Ba sai an kai aji huɗu ake fara wannan horo ba. Ku haɗu ku huɗu ko biyar tun daga aji biyu, ku zaɓi maƙala ɗaya kowane mako, kowa ya karanta a gida, ku zauna awa ɗaya: wani ya ɗauki samfur, wata ta ɗauki na'ura, wani ya ɗauki lissafi. Wanda ya sami zuwa horon SIWES a wuri irin cibiyar NARICT da ke Basawa, ya roƙi ma'aikatan ɗakin gwaji su nuna masa yadda ake haɗa bulank da ruwan ma'auni, ya dawo ya koya wa sauran. Malamai kuma, don Allah ku riƙa ba ɗalibai maki a kan tambayar da suka yi wa maƙala, fiye da yawan maƙalolin da suka jera. Kai kuma ɗalibi, duk tambayar da ka yi wa aikin wani, ka tabbata naka aikin zai iya amsa ta ranar da za ka tsaya kare shi.